Daga Damagaram zuwa duniyar Mars: littattafan ƙagen kimiyya da ya kamata ku nema

Akwai wani rukunin littattafai da ba mu cika waiwayarsa ba a nan ƙasarmu, wato wanda a kantin littattafai za ku tarar an rubuta masa science-fiction, mu kuma a nan za mu kira shi ƙagen kimiyya. Da yawa daga cikinmu da sun ji sunan sai su yi tsaki, su ce ai tatsuniyar Nasara ce, labarin dodanni da jiragen da babu su, abin da bai kamata mai hankali ya ɓata lokacinsa a kai ba. To amma fa akwai bambanci. A tatsuniya, idan Gizo ya hau sama ba mai tambayarsa ta ina ya bi. A ƙagen kimiyya kuwa marubuci yakan ɗauki abu guda wanda ilimi ya riga ya sani, ko wanda ake jin zai iya kaiwa gare shi, ya ja shi har ƙarshe, sannan ya tambaya: idan hakan ta faru, me zai sami mutane? Wa zai ci riba, wa zai kwana da yunwa?

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo muku wannan zaɓi shi ne, mafi kyawun waɗannan littattafai, in an tuɓe musu rigar taurari, maganarmu suke yi: rairayi, ƙishirwa, ɗaukewar kuran, arzikin ƙarƙashin ƙasa da baƙo ke kwasa, da ranar da mai makamin da ya fi naka ya sauka a ƙofar gari. Ga kuma babban hutu da ɗiyanmu ƴan kwaleji da lise ke ƙararwa a fada, tsakanin butar shayi da salula. Za mu ba da sunayen littattafan da Faransanci inda akwai fassara, tunda da shi ne akasarinku za ku same su.

Mu fara da wanda ya bi ta kan rufin gidajenmu. A shekarar 1863 Bafaranshe Jules Verne ya fitar da Cinq semaines en ballon, ma'ana makonni biyar cikin balan-balan, littafin da ya fara fito da sunansa. Mutum uku ne ƴan Birtaniya, Dakta Fergusson, abokinsa maharbi Kennedy da baransa Joe, suka shiga wani kwando da aka rataya ƙarƙashin ƙatuwar balan-balan cike da iskar haidirojin, suka tashi daga Zanzibar da niyyar keta Afirka daga gabas zuwa yamma. A kan tafkin Cadi wasu manyan tsuntsaye suka yage musu balan-balan ɗin, har Joe ya faɗa ruwa da gangan don a rage nauyi. Bayan an ceto shi iska ta kwaso su ta kan Damagaram da Damargu, suka kwana kusa da Agadas, daga nan sai Gao da Tumbuktu har kogin Senegal.

Verne bai taɓa taka ƙasarmu ba. Abin da ya sani game da mu daga littattafan matafiya ya tsinto shi, musamman na Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Duk cikin birnin Damagaram kuwa, abin da Verne ya ga ya dace ya nuna wa masu karatunsa shi ne filin da ake kashe masu laifi da itacen da ake rataye su. Littafin na da daɗin karatu, yaro ɗan shekara 12 zai iya da shi, zai kuma koyi taswirar nahiyarsa a kan hanya, sai dai cike yake da raina baƙar fata tun daga farko har ƙarshe. Shawararmu ita ce a karanta shi da babba a kusa, a tambayi yaron: mutumin da ke cikin kwando can sama, me ya gani, me kuma ya wuce bai gani ba? Ina kasuwa, ina ayarin raƙuman da ke zuwa Tarabulus, ina malamai da marina? Wanda ba ya son wannan ɓacin rai sai ya nemi Vingt mille lieues sous les mers, labarin jirgin ƙarƙashin teku na Kyaftin Nemo, ko De la Terre à la Lune na 1865, inda Verne ya harba mutum uku zuwa wata daga jihar Florida, jihar da Amurkawa suka tashi daga cikinta da gaske a 1969.

Shekaru 35 bayan balan-balan ɗin Verne, a 1898, wani ɗan Ingila mai suna H. G. Wells ya juya ƙwaryar. A cikin La Guerre des mondes, Ingila ce da kanta, wadda a lokacin ba ƙasar da ta kai ta yawan ƙasashen mallaka, aka wayi gari wasu halittu daga duniyar Mars sun dira mata a wani fili kusa da garin Woking, kudu maso yammacin Landan. Suna tafiya cikin injuna masu ƙafa uku waɗanda suka fi gidajen bene tsawo, suna da wani haske mai ƙona duk abin da ya taɓa, da baƙin hayaƙi mai guba. Igwa da jirgin ruwan yaƙi ba su tsayar da su ba. Mutanen Landan, mai kuɗi da talaka, suka watsu kan hanya suna tattake juna. Tun a shafukan farko Wells ya tunatar da ƴan ƙasarsa yadda Turawa suka kusa shafe mutanen tsibirin Tasmaniya daga doron ƙasa, don su yi tunani kafin su zagi mutanen Mars.

Ku duba shekarun da kyau. A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu, ta ƙone Birnin Ƙonni cikin Mayu, ta bar gawawwaki gari bayan gari, kafin sojojinsu su harbe su biyun cikin Yuli a yankin Tasawa. Ke nan a daidai lokacin da mai karatu a Landan ke jin tsoro a kan takarda, kakanninmu da idonsu suke ganin abin. Wanda ya karanta Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, ya ɗora da littafin Wells, zai ga gudun hijira iri ɗaya ne, wuri ne kawai ya sauya. Ba za mu faɗa muku abin da ya kayar da mutanen Mars ba. Abin dai ba soja ba ne, kuma duk wanda ya san yadda zazzaɓi ya yi wa Turawan farko a gaɓar Afirka zai yi murmushi in ya kai wurin.

Idan littafi guda tak za ku iya samu, to ku nemi Dune na Ba'amurke Frank Herbert, wanda ya fito a 1965. Asalinsa ma abin sha'awa ne. Herbert ɗan jarida ne, a 1957 ya tafi jihar Oregon don ya rubuta labari kan yadda ma'aikatan gona ke dasa ciyawa su tsayar da tuddan rairayi masu cinye hanyoyi da gidaje, aikin da mutanen Gure da Maine-Sorowa suka sani kamar yunwar cikinsu. Labarin jaridar bai fito ba, amma rairayin ya zauna masa a kai har ya haifi littafi. Kamfanonin ɗab'i fiye da 20 suka ƙi karɓarsa, a ƙarshe wani kamfani mai suna Chilton, wanda aka fi sani da littattafan gyaran mota, shi ya buga shi.

Labarin yana faruwa ne a wata duniya mai suna Arrakis, wadda hamada ce gaba ɗayanta, ba a taɓa ganin ruwan sama ba. A cikin rairayinta kawai ake samun wani gari mai kama da kayan yaji, wanda ke tsawaita rai, kuma ba tare da shi ba matuƙan jiragen sararin sama ba za su iya gane hanya tsakanin taurari ba. In babu shi babu fatauci, babu daula. Don haka manyan gidajen sarauta na wasu duniyoyi ke yanka juna a kan wanda zai riƙe haƙarsa, alhali ƴan ƙasa, wato Fremen, suna zaune cikin kogunan duwatsu ana kallonsu kamar ba mutane ba. Herbert da bakinsa ya ce man fetur yake da shi a zuciya. Mu kuwa da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, yana haska fitilun wasu ƙasashe yayin da ƙauyukanmu ke kwana da cocila, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Amma inda littafin ya fi kama mu shi ne maganar ruwa. Bafremen yana sa wata riga da ke tara guminsa da numfashinsa da fitsarinsa, ta tace su ya sake sha. Idan ɗayansu ya mutu sai a tatse ruwan jikinsa a mayar cikin rumbun ruwan jama'a. Tofa miyau a gaban mutum girmamawa ce babba, saboda ka ba shi abin da ya fi komai tsada a jikinka, zubar da hawaye kan mamaci kuwa abu ne da sukan tsaya suna kallo da al'ajabi. A can birni, gidan mai mulki na da itatuwan dabino da ake shayarwa da ruwan da zai ishi mutane da yawa, talakawa na wucewa suna harararsu. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da asuba cikin watan Afrilu zai san wannan harara. A ɓoye kuma Fremen suna da wani shiri na ɗaruruwan shekaru, wanda wani masanin ƙasa mai suna Kynes ya koya musu: su kama raɓa, su tara ruwa ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin ƙasa, su dasa ciyawa a bayan tuddai, har jikokin jikokinsu su ga kore. Wannan kam ba ƙage ba ne a wurinmu. Manoman Maraɗi da Damagaram, ta hanyar barin kututture ya tofo a gona maimakon a tumɓuke shi, sun farfaɗo da itatuwa a kimanin hekta miliyon 5 tun daga shekarun 1980, ba tare da wani inji ba.

Gargaɗi biyu. Na farko, littafin na da kauri kuma shafukansa na farko na da nauyi, sunaye sun yi yawa, sai an yi haƙuri ana leƙa ƙamus ɗin da ke bayansa. Na biyu, za ku ci karo da kalmomin Larabci irin su Mahdi da jihadi da Lisan al-Gaib. Kada a ɗauka darasin addini ne. Marubucin ya cakuɗa addinai da dama ne ya ƙaga na mutanen da za su zo bayan dubban shekaru. A cikin labarin ma, bushara da zuwan mai ceto wata ƙungiyar mata masu dabara ce ta shuka ta a cikin Fremen tun da daɗewa, don wata rana nasu ya ci moriyarta. Yaron da ya ci moriyar, Paul Atreides, ɗan shekara 15 ne lokacin da ya sauka Arrakis, ɗan sarki baƙo, kuma mai karatu zai so shi. Sai a littafi na biyu, Le Messie de Dune na 1969, za a ƙirga mutanen da suka mutu a yaƙin da aka yi da sunansa: miliyar 61. Finafinan da Denis Villeneuve ya yi a 2021 da 2024 sun yi kyau a ido, amma sun rage maganar dasa ciyawar nan ƙwarai, ita ce kuwa a ganinmu zuciyar littafin.

Sai maganar kuran. Waɗanda suka ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke ba ƙasarmu mafi yawan wutarta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, za su karanta Ravage na René Barjavel da wani ido daban. Littafin ya fito a 1943, labarin kuma na faruwa a Paris a 2052, birni mai dogayen benaye inda har nama a masana'anta ake tsirar da shi. Dare ɗaya wutar lantarki ta ɓace ɗungum, ba mai sanin dalili: jiragen sama suka faɗo, motoci suka tsaya, famfo ya ƙafe. Cikin ƴan kwanaki sai gobara, sai kwalara, maƙwabci ya koma kashe maƙwabci a kan abinci. Wani saurayi ɗan ƙauye, François Deschamps, ya tara ƴan mutane ya fice da su zuwa garinsu a kudu. Wani wurin sai mun yi dariya, ganin abin da ya gagari mutanen Paris, kamar jan ruwa da hura wuta, shi ne aikin safiyar kowace yarinya a karkararmu. Ƙarshen littafin kam ba mu yarda da shi ba: François ya zama dattijon da ya haramta inji ya sa aka ƙona littattafai, marubucin kuma kamar yana jinjina masa. Akwai kuma wani baƙar fatar sarki da aka ɗora wa laifin tada yaƙi, zanen da ke warin zamanin da aka rubuta shi, lokacin Faransa na hannun Jamus.

Maganin wannan ƙarshe yana cikin Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, na 1953, ɗan ƙaramin littafi da ake gamawa cikin kwana biyu. Lambar da ke sunan zafi ne, kimanin digiri 233 a ma'aunin da muka saba da shi, wanda aka ce a nan takarda ke kamawa da wuta. Guy Montag ɗan kwana-kwana ne, amma a ƙasarsu aikin ɗan kwana-kwana shi ne ƙona littattafai. Matarsa tana wuni gaban allunan tele da suka rufe bango uku na ɗaki, da wasu ƴan na'urori a cikin kunnuwa dare da rana. Ku tuna a 1953 aka rubuta wannan. Wurin da ya fi ɗaci shi ne inda shugaban Montag ke bayyana masa cewa ba hukuma ce ta fara ba: jama'a ne da kansu suka daina karatu, suka fi son gajere mai sauri, doka daga baya ta zo ta tarar da su. A ƙarshe Montag ya haɗu da wasu mutane a bayan gari, kowannensu ya haddace littafi guda don kada ya ɓace. Ga Ba'amurke wannan abin mamaki ne. Ga al'ummar da ta san hadda, da maroƙan da ke riƙe da jerin sarakuna a ka, abu ne sananne. Kuma ba mu manta da Janairun 2013 ba, lokacin da aka ƙona ko aka salwantar da rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000 a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu, yayin da mutanen gari suka fitar da mafi yawan saura a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako.

Octavia Butler, baƙar fata ce Ba'amurkiya da ta rasu a 2006, ta rubuta La Parabole du semeur a 1993, ta kuma fara labarin daga shekarar 2024, wadda yanzu ta wuce mu. A kusa da Los Angeles, ruwa ya fi fetur tsada, ɗan sanda sai an biya shi yake zuwa, kowace unguwa ta kewaye kanta da katanga. Lauren Olamina, yarinya ƴar shekara 15, ita kaɗai ta yarda cewa katangar za ta faɗi wata rana, ta haɗa jakar gudu ta sa irin shuka a ciki. Da ranar ta zo sai ta bi titi da ƙafa zuwa arewa tare da dubban masu hijira. Amurkawa ne a nan ke ƙoƙarin tsallaka iyaka ana korarsu. Littafin na da zafi, akwai kisa da fyaɗe, yarinyar kuma tana ƙaga wata aƙida tata a kan hanya, don haka na manya ne.

Ga ɗalibin da ke son lissafi da kimiyya tsantsa, Seul sur Mars na Andy Weir ya fi dacewa. An bar wani ɗan sama-jannati shi kaɗai a Mars bisa zaton ya mutu, shi kuwa masanin tsirrai ne, sai ya noma dankalin turawa a cikin ɗaki da takin bayan gida, ya haɗa ruwa daga man roka, yana ƙirga kowace loma da kowace rana kamar magidanci gaban rumbu a shekarar fari. Malamin kimiyya zai iya fitar da darussa da yawa daga ciki, har da kuskuren littafin: iskar Mars ba ta da kaurin da za ta yi guguwar da aka buɗe labarin da ita. Fondation na Isaac Asimov, na 1951, labarin masanin lissafi ne da ya hango faɗuwar daula, ya shirya yadda za a rage zamanin duhu daga shekaru 30,000 zuwa 1,000. Tunanin na da girma, mutanen cikinsa kuwa kamar na kwali suke. Le Problème à trois corps na ɗan Sin Liu Cixin, wanda ya ci kyautar Hugo a 2015, sai wanda ya yi nisa.

To, ina namu? Abdourahman Waberi na Jibuti ya fitar da Aux États-Unis d'Afrique a 2006, inda ya kifar da duniya: Afirka ce tarayya mai arziki, hedikwatarta Asmara, Turai da Amurka kuwa yunwa da yaƙin ƙabilanci sun cinye su, ƴaƴansu na kwarara zuwa biranenmu neman aikin ƙarfi. Har akwai wani kafinta ɗan ci-rani daga Suwizalan da aka laƙaba wa suna Yakuba saboda sunansa na asali ya yi wuyar faɗa. Wanda ya san abin da ke ratsawa ta Agadas zuwa arewa zai yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Faransancinsa na da ƙawa da yawa, ba na mai gaggawa ba ne.

Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka iyayenta kuma Inyamuran Najeriya ne, ita ta kawo labarin har gida. Littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Nijar yake faruwa, a shekarar 2070, a wani ƙagaggen gari mai suna Kwàmfà, bayan wasu bama-bamai sun sauya yanayin duniya har ana haihuwar yara masu baiwa iri-iri. Ejii, yarinya Musulma ƴar shekara 14, mai jin maganar inuwa, ta keta hamada bisa raƙumi mai magana tana bin sawun matar da ta sare kan mahaifinta. Da Ingilishi aka rubuta shi, an sake buga shi a 2023 tare da ci gabansa mai suna Like Thunder. Sihiri ya fi kimiyya yawa a ciki, kuma ɗan Nijar zai ji wani wurin cewa baƙuwa ce ke ba da labari, amma ba kullum ake samun marubucin da ya zauna ya yi tunanin yadda ƙasarmu za ta kasance nan da shekaru masu zuwa ba. Da Faransanci akwai Binti nata, gajere, labarin yarinya ƴar ƙabilar Himba ta Namibiya, gwanar lissafi, da ta gudu daga gida don shiga wata jami'a a can wata duniya, da jan yumɓun garinsu shafe a jiki. Ga ƴan mata ƴan lise, da shi za mu ce a fara. Qui a peur de la mort ? kuwa, wanda ke faruwa a Sudan ta nan gaba, ya fi nauyi ƙwarai. Sai Rosewater na Tade Thompson, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin ƙasar Yarabawa, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019: a Najeriya ta 2066 gari guda ya tsiro a kewayen wata baƙuwar ƙubba da ke buɗewa sau ɗaya a shekara ta warkar da marasa lafiya, ba kullum yadda suke so ba. Shi ma na manya ne. Masu Larabci kuma su nemi Utopia na Bamisire Ahmed Khaled Towfik, na 2008, inda attajirai suka killace kansu a bakin teku da sojan haya suka bar sauran Masar ta ruɓe.

Da Hausa fa? Akwai. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya zagaya da shi sararin samaniya. Littafi ne ƙarami, da Hausa mai sauƙi, kuma ya isa shaida cewa harshen nan na iya ɗaukar roka da taurari kamar yadda ya ɗauki Ruwan Bagaja. Duk mai zuwa Kano ko Zariya, ku ba shi saƙo ya duba muku wurin masu sayar da littattafan Hausa.

Sauran kuwa, a Yamai da manyan garuruwa a riƙa tsayawa wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, domin Verne da Barjavel da Bradbury sukan ɓullo a cikin tarin, da ƙaramin bugu na aljihu. A tambayi ɗakin karatun lakkwal, a roƙi ɗan uwan da ke karatu a waje ya riƙo guda in zai zo hutu, wanda ya samu kuma ya bar shi ya zagaya fada. Littattafan Verne, wanda ya rasu a 1905, da na Wells, wanda ya rasu a 1946, haƙƙin mallakarsu ya riga ya faɗi, ana samunsu kyauta a sauke cikin salula. Wannan na nufin kuma duk malamin da ya ji zai iya, yana da damar fassara La Guerre des mondes zuwa Hausa ba tare da ya biya kowa ko dala ba, a ƙasar da tun 2025 Hausa ce harshenta na ƙasa. Littafin babi 27 ne kawai, kuma gajeru.